Muhawara: Shin Girman Jiki Ne Ke Yin Mai Jifa a Wasan Besbol?

Ɗan Birni:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai maganar da nake so mu tattauna, kuma zan faɗi matsayina tun daga farko domin wanda yake da ja ya san inda zai kama. A ganina, duk ƙungiyar besbol da za ta zuba kuɗinta a kan matashin mai jifa, abin da ya kamata ta fara dubawa shi ne ƙirar jikinsa, kuma hujjata ita ce Paul Skenes na ƙungiyar Pirates ta Pittsburgh. Tsayinsa santimita 198 ne, nauyinsa ya haura kilo 100, kuma shi aka fara ɗauka a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2023 daga jami'ar LSU. Bai cika shekara guda a ƙananan rukunai ba aka ɗauko shi, ya yi wasansa na farko a gasar MLB, babbar gasar besbol ta Amurka, ranar 11 ga Mayu, 2024. A wannan kakar ya buɗe wasa 23, ya ci 11, an ci shi 3, ya kayar da masu bugu 170 a zango 133, ERA ɗinsa kuma ya tsaya a 1.96. Wata biyu da fara wasansa aka ba shi buɗe wasan taurari, a ƙarshen shekara kuma ya zama gwarzon sabon shiga na ɓangaren National, ɗaya daga cikin ɓangarori biyu na gasar. Jifansa mai sauri yana tafiya kusan kilomita 159 a sa'a idan aka ɗauki matsakaici. Ni ban ga yadda za a raba wannan da faɗin kafaɗunsa da kaurin cinyoyinsa ba, kuma ina ganin masu farautar 'yan wasa suna da gaskiya da suke bin dogaye masu jiki.

'Yar Gusau:
Wa alaikumus salam, Yaya. Kafin a yi nisa, ina roƙon a yi wa irinmu da ba mu daɗe da fara kallon wasan ba bayanin zango da ERA, da kuma wanda ake kira sabon shiga, domin na ga ana kiran wasu manyan mutane masu shekara talatin da wannan suna.

Malamin Lissafi:
Tambayarki a kan hanya take, ƙanwata. Wasa ɗaya zango tara ne, kuma mai jifa yana cika zango ne idan aka fitar da masu bugu uku na abokan karawa. Shi ya sa za ki ga an rubuta 173.1, wanda ba ya nufin kashi ɗaya cikin goma. Yana nufin zango 173 da fitar da mutum ɗaya, wato sulusin zango. Shi kuwa ERA matsakaicin makin da aka ci mai jifa ne a kowane zango tara, ban da makin da ya shiga saboda kuskuren masu tsaron fili. An ci Skenes maki 29 a zango 133, idan kika ninka 29 sau tara kika raba da 133 za ki sami 1.96. Kayarwa kuma ita ce mai jifa ya fitar da mai bugu da jifa uku masu kyau ba tare da ya buga ƙwallon cikin fili ba.

Sabon shiga a dokar MLB shi ne wanda kafin wannan kakar bai wuce zango 50 na jifa a gasar ba, kuma bai wuce kwana 45 a jerin 'yan wasan babbar ƙungiya ba. Dokar ba ta kula da shekaru, ba ta kuma lissafa wasan da mutum ya yi a wata ƙasa. Wannan ne ya kawo ni ga Malam Ɗan Birni. A kakar 2024 ɗin da ka kafa hujja da ita, a ɓangare ɗaya da Skenes, akwai Shota Imanaga na ƙungiyar Cubs, mai tsayin santimita 178 da nauyin kimanin kilo 80. Ya ci wasa 15, an ci shi 3, ERA ɗinsa 2.91, ya kayar da 174, kuma ya yi zango 173.1, wato ya fi Skenes da zango arba'in. Santimita ashirin ne tsakaninsu. Idan tsayi ne ginshiƙi, ina so ka nuna mana inda santimita ashirin ɗin nan suka shiga a lissafin Imanaga.

Mazaunin Shikago:
Allah ya saka wa Malam da alheri. Ina filin Wrigley, gidan Cubs a nan Shikago, ranar 4 ga Satumba, 2024, lokacin da Imanaga ya yi zango bakwai da Pirates ba tare da ko mutum ɗaya ya sami bugun da ya kai shi matsaya (wurin da mai bugu yake gudu ya taka bayan ya buga) ba, sannan Nate Pearson da Porter Hodge suka ƙarasa sauran zango biyun a haka, aka tashi 12 da nema. Rabon da Cubs su yi irin wannan a gidansu tun 1972. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda masu bugu suke kai sanda ƙarƙashin ƙwallon. Allon filin yana nuna gudun da bai wuce mil 91 ko 92 ba, wato wajen kilomita 148, gudun da a yau ake ganin ƙasa yake da matsakaici, amma sai ka ga ƙato ya kai sara da dukkan ƙarfinsa, ƙwallon ta wuce ta saman sandarsa ta faɗa safar mai cafka. Imanaga yana durƙusawa sosai a kan ƙafarsa ta baya kafin ya tunkuɗa, hannunsa na hagu yana sakin ƙwallon daga ƙasa-ƙasa, kuma ƙwallon tana juyawa baya da sauri, saboda haka ba ta sauka kamar yadda idon mai bugu ya saba. Idan ya jefa ta a saman yankin bugu, sai ta zo kusan a miƙe. Da zarar mai bugu ya ɗaga idonsa sama kuma, sai ya aiko masa da wadda ke nutsewa a gaban farantin da mai bugu yake tsayawa a gefensa. Gajartarsa tana cikin abin da ya sa wannan jifa yake aiki, domin dogo mai sakin ƙwallo daga sama ba zai sami wannan kusurwa da sauƙi ba.

Ɗan Birni:
Na ji, amma ban gamsu ba, kuma ga dalilaina. Imanaga ya zo Amurka yana da shekara 30, bayan ya yi kaka takwas a ƙungiyar DeNA BayStars ta Yokohama, kuma shi ya buɗe wa Jafan wasan ƙarshe na gasar besbol ta duniya a 2023. Sunan sabon shiga kawai doka ta ba shi, amma gogaggen ɗan wasa ne, kuma bai dace a auna shi da yaro ɗan shekara 22 ba. Na biyu, masu bugu sun buga ƙwallonsa ta tsallake katangar fili sau 27 a wannan kakar, Skenes kuwa sau 10 kacal. Na uku, ku dubi Yoshinobu Yamamoto, wanda shi ma santimita 178 ne. Dodgers sun ba shi kwantiragin dala miliyan 325 na shekara 12, a wasansa na farko a birnin Seoul aka ci shi maki biyar a zango ɗaya, sannan a tsakiyar kaka kafaɗarsa ta sami matsala ya yi kusan wata uku a waje. Zango 90 kawai ya yi a 2024. Abin da nake faɗa ke nan: ƙaramin jiki zai iya burgewa na ɗan lokaci, amma nauyin kaka mai wasa 162 sai mai jiki.

Baba Tsohon Ɗalibi:
Ɗana, maganar nan da ka yi ita ce maganar da shugabannin Dodgers suka yi a 1993, kuma har yau magoya bayansu ba su daina jin zafinta ba. A wannan shekarar suna da wani yaro ɗan Jamhuriyar Dominika, Pedro Martínez, mai tsayin santimita 180 da nauyin da bai kai kilo 80 ba. A kakarsa ta sabon shiga ya ci wasa 10, an ci shi 5, ERA ɗinsa 2.61, ya kayar da 119 a zango 107, kusan duka a matsayin mai karɓa daga hannun wanda ya buɗe wasa. Alƙaluman suna gabansu, amma suka dubi jikinsa suka yanke cewa ba zai jure buɗe wasa ba, suka miƙa shi ga Expos ta Montreal suka karɓi Delino DeShields. Pedro ya ci kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa sau uku, a 1997 da 1999 da 2000, ya yi kaka 18, ya kayar da mutum sama da 3,000, kuma a 2000 ERA ɗinsa 1.74 ne a zamanin da masu bugu suke cin karensu babu babbaka.

Ka juya ka dubi ɗaya gefen. Randy Johnson santimita 208 ne. A 1989, kakarsa ta sabon shiga, ya ci wasa 7 an ci shi 13, ERA ɗinsa 4.82, kuma daga 1990 zuwa 1992 babu wanda ya kai shi ba masu bugu matsaya kyauta saboda jifa huɗu da suka kauce wa yankin bugu a ɓangaren American, har sau 152 a 1991. Dogon jiki yana da wuyar sarrafawa, gaɓoɓin ba sa komawa wuri ɗaya a kowane jifa sai an daɗe ana horo. Sai da ya haura shekara talatin ya ci Cy Young ɗinsa ta farko a 1995, daga nan ya tara biyar, ya yi wasa har yana da shekara 46. Wanda ya dubi jikin Pedro ya yi kuskure, wanda ya dubi alƙaluman Johnson na shekarar farko shi ma da ya yi kuskure, kuma su biyun rana ɗaya aka shigar da su zauren gwarzaye a Cooperstown a 2015.

Ina karatu a Amurka a 1981 lokacin da Fernando Valenzuela ya fito daga wani ƙauye a jihar Sonora ta Meziko. Gajere ne mai kauri da ɗan tumbi, idan ya ɗaga ƙafa sai ya kalli sama kafin ya saki ƙwallon. Babu mai farautar 'yan wasa da zai zana wannan jiki idan aka ce ya zana mai jifa. Ya ci wasanninsa takwas na farko a jere, ya gama kaka da ERA 2.48, ya hana abokan karawa ko maki ɗaya a wasa takwas, ya haɗa kyautar sabon shiga da Cy Young a shekara guda, abin da babu wanda ya sake yi har yanzu.

Malamin Lissafi:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ina so in yi wa Malam Ɗan Birni adalci, domin tsayi yana da amfani na gaske, kuma ana iya lissafa shi. Daga robar da mai jifa yake takawa a kan tudu zuwa farantin mai bugu mita 18.44 ne, amma ba daga kan robar ake sakin ƙwallon ba, domin mai jifa yana yin dogon taku ya miƙa hannu, ya ci kusan mita biyu kafin ya sake ta. Abin da ya rage wajen mita 16 da rabi ne, kuma ƙwallo mai gudun kilomita 153 tana cinye shi a kimanin kashi huɗu cikin goma na daƙiƙa. Idan wani ya fi wani miƙewa da santimita 30, ya rage tafiyar da kusan kashi biyu cikin ɗari, wanda a idon mai bugu daidai yake da ƙarin kusan kilomita uku a sa'a. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai miƙewar ba ta tsayi kaɗai ba ce, ta dogara da tsawon taku da laushin ƙugu, kuma tun da aka girka na'urorin Statcast masu auna motsin ƙwallo da na 'yan wasa a filaye a 2015 ana auna ta kai tsaye, babu buƙatar a ƙiyasta ta daga tsayin mutum. Shi kansa Skenes, duk da tsayinsa, ba daga sama yake jefowa ba. Hannunsa yana fitowa ne ta gefe-gefe.

Akwai kuma wata matsala a hujjar da ake kafawa cewa yawancin masu jifa a MLB dogaye ne. Gaskiya ne, matsakaicinsu wajen santimita 188 zuwa 191 ne, alhali matsakaicin namiji a Amurka bai wuce 175 ba sosai. To amma wa ya zaɓe su? Mutanen da tun farko suka yi imani da tsayi. Dogon yaro mai matsakaicin jifa ana ba shi dama ana cewa zai cika, gajere kuwa sai ya riga ya zama gwani kafin a kalle shi. Wannan tacewar tana ɓata lissafi ta fuska biyu: tana cika gasar da dogaye, sannan tana sa gajerun da suka tsallake su zama zaɓaɓɓu irin su Pedro da Yamamoto. Saboda haka ni ba zan ce gajarta ta fi ba, kamar yadda ba zan yarda cewa yawan dogaye ya tabbatar da maganarka ba.

Hajiya Mai Gashin Ƙashi:
Ina bin muhawarar nan tun daga farko, kuma wurin da nake so in sa baki shi ne inda ƙanena Ɗan Birni ya ce nauyin kaka sai mai jiki. A nan ne aikina ya shigo, kuma a nan ne nake ganin maganar ta fi rauni. A gefen ciki na gwiwar hannu akwai wata 'yar jijiya da ke haɗa ƙashin dantse da ƙashin gaban hannu. Lokacin da mai jifa ya kai hannunsa baya har ya kwanta, kafin ya wurgo shi gaba, wannan jijiya ce take hana gwiwar buɗewa, kuma jifa mai ƙarfi yana kai ta kusa da iyakar abin da za ta iya ɗauka. Naman gaban hannu ne yake rage mata nauyi. Tsoka tana girma da horo cikin watanni, jijiya kuwa ba ta bin ta da wannan saurin. Kamar a ƙara wa guga girma ne a bar igiyar yadda take. Babban jiki yana samar da ƙarfi mai yawa, amma duk ƙarfin ta wannan 'yar jijiya zai bi.

Ku lissafa tare da ni. Kerry Wood, santimita 196, ya kayar da mutum 20 a wasa ɗaya ranar 6 ga Mayu, 1998, yana da shekara 20, ya gama kaka da 233 ya zama gwarzon sabon shiga. Bai yi ko wasa ɗaya a 1999 ba saboda jijiyar ta tsinke. Stephen Strasburg, wanda ya haura santimita 190, ya kayar da 14 a wasansa na farko a Yunin 2010, bayan wasa 12 aka shiga da shi ɗakin tiyata. José Fernández ɗan Kuba, ƙaƙƙarfa mai sama da kilo 100, ya yi ERA 2.19 a 2013, aka yi masa aikin a 2014. Eury Pérez na Marlins, santimita 203, ya fara a 2023 yana da shekara 20, ƙungiyarsa ta yi ta lallaɓa shi har bai wuce zango 92 a babbar gasa ba, duk da haka a Afrilun 2024 aka yi masa aikin. Aikin nan shi ake kira da sunan Tommy John, ɗan wasan da Dakta Frank Jobe ya fara yi wa a 1974, inda ake ɗauko wata jijiya daga gaban hannu ko ƙafa a maye gurbin wadda ta tsinke, kuma murmurewa tana cin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Duk waɗanda na lissafa suna da jikin da ake nema. A ƙarshen 2024 hukumar MLB ta fitar da rahoto a kan raunin masu jifa, kuma abin da ta ɗora wa laifi mafi girma shi ne tseren neman gudu da jefa kowace ƙwallo da iyakar ƙarfi. Tsakanin 2008 da 2024 matsakaicin gudun jifa mai sauri ya ƙaru da fiye da kilomita uku a sa'a, har ya kai wajen 152. Yaran nan suna ba ni tausayi matuƙa, domin idan ba su yi gudun ba ba za a ɗauke su ba, idan kuma suka yi, hannunsu ne yake biya.

Ɗan Birni:
Hajiya, na gode, kuma wannan bayani ya yi nauyi. Amma ga Tim Lincecum na Giants, santimita 180 da kilo kusan 77. Ya fara a 2007, ya ci Cy Young a 2008 da 2009, kowa yana cewa ya ƙaryata masu maganar jiki. Domin ya sami gudu sai ya yi taku mai tsawon da ya zarce tsayinsa, yana wurga dukkan jikinsa gaba. A 2012 ERA ɗinsa ya haura biyar, a 2015 aka yi masa aiki a ƙugu, wasansa na ƙarshe a MLB kuwa a 2016 ne yana da shekara 32. Haka Spencer Strider na Braves, santimita 183, wanda ya kayar da 202 a zango 131.2 a 2022, shi ma a 2024 gwiwar hannunsa ta kai shi tiyata. Gajeru ma suna karyewa, kuma ni ina ganin dole ce take sa su matse jikinsu fiye da kima domin su cim ma abin da dogo yake samu cikin sauƙi.

Hajiya Mai Gashin Ƙashi:
Ban ce gajeru ba sa karyewa ba, ƙanena. Abin da na ce shi ne dogaye ma suna karyewa, kuma wanda ya ce girman jiki kariya ne shi ya kamata ya kawo hujja. Strider da ka ambata yana cikin masu jifa mafi gudu a lokacinsa, kuma tun yana jami'a an taɓa yi masa aikin gwiwar. Abin da ya haɗa shi da Wood da Strasburg gudu ne.

Baba Tsohon Ɗalibi:
Akwai adadi ɗaya da matasa ba sa tsayawa a kansa, kuma ni shi nake fara dubawa, wato yawan zango. A 1976 Mark Fidrych na Tigers, yana da shekara 21 zuwa 22, ya yi zango 250.1, ya kammala wasa 24 shi kaɗai daga farko har ƙarshe, ya ci 19, ERA ɗinsa 2.34. Mutum 97 kawai ya kayar, domin shi yana barin a buga ne masu tsaron fili su kama. A shekarar da ta biyo baya gwiwarsa ta ƙafa ta samu rauni, kafaɗa ta biyo baya, duk rayuwarsa ta wasa bai wuce nasara 29 ba. A 1984 Dwight Gooden na Mets, dogo siriri ɗan shekara 19, ya yi zango 218 ya kayar da 276. Na gan shi da idona a Niyok, ƙafarsa tana tashi har kusan haɓarsa, 'yan kallo suna rataya harafin K, alamar kayarwa, a jikin baranda duk lokacin da ya kayar da wani. A 1985 aka sa shi zango sama da 276, ya ci 24, ERA ɗinsa 1.53, kuma bai sake kai wannan matsayi ba, ko da yake a nasa lamarin akwai matsalar shaye-shaye da ta shigo. Yanzu ku kwatanta da zango 133 na Skenes. Ko cancantar shiga jerin masu ERA mafi kyau bai yi ba a 2024, domin ana buƙatar zango 162. Ba na rage masa komai, yaron gwani ne, amma 1.96 a zango 133 inda ake cire ka kafin ka gaji ba aiki ɗaya ba ne da 2.34 a zango 250.

Sai kuma Mark Prior, wanda masana suka ce ba su taɓa ganin jiki da salon jifa mai tsabta irin nasa ba. Santimita 196, sama da kilo 100. Ya fara a 2002, a 2003 ya ci 18 da ERA 2.43, a 2006 ya yi wasansa na ƙarshe a MLB yana da shekara 25. Yau shi ne mai horar da masu jifa a Dodgers.

Mazaunin Shikago:
Wato shi ne mai horar da Yamamoto, Baba, kuma ina so a ƙarasa labarin Yamamoto tunda an tsayar da shi a 2024. A 2025 ya yi zango sama da 170, ERA ɗinsa 2.49, ya kayar da 201. A World Series, wasannin ƙarshe da ke fitar da zakaran MLB, a karawa da Blue Jays ta Toronto ya kammala wasa na biyu shi kaɗai, ya yi zango shida a wasa na shida, washegari kuma ba tare da hutun ko kwana ɗaya ba ya fito ya rufe wasa na bakwai, aka ba shi gwarzon gasar. Mutum mai santimita 178 da kilo 80 ne ya ɗauki wannan nauyi. Horonsa ma daban yake, domin ba ya dogara da ɗaga ƙarfe mai nauyi. Yana jifan wani ɗan mashi mara nauyi, yana tsayuwa a kan hannu, yana lanƙwasa baya, duk domin jiki ya yi aiki a matsayin abu ɗaya. Kafin ya zo ya ci kyautar Sawamura ta gwarzon mai jifa sau uku a jere a Jafan, daga 2021 zuwa 2023. Kuma a tuna cewa a Jafan mai buɗe wasa sau ɗaya yake fita a mako, a Amurka kuwa bisa al'ada duk kwana biyar, saboda haka raunin shekarar farko zai iya zama na sauyin tsari.

'Yar Gusau:
To Malam, idan na buɗe shafin sabon mai jifa na ga tsayi da nauyi da jerin alƙaluma, wanne zan yarda da shi?

Malamin Lissafi:
Nauyin da aka rubuta ƙungiya ce take bayarwa, kuma yakan daɗe ba a sabunta shi ba, saboda haka kada ki ɗora masa gini. Yawan wasan da ya ci ko aka ci shi ma ki ajiye shi gefe, domin ya dogara da makin da abokan wasansa suka ci. Skenes a 2025 ya ci 10 an ci shi 10, alhali ERA ɗinsa 1.97 ne a zango sama da 187, kuma duk masu zaɓe shi suka ba Cy Young. Abin da ya fi zama a hannun mai jifa shi ne kayarwa, da ba da matsaya kyauta, da bugun tsallake katanga. Skenes a 2024 ya kayar da 170 ya ba da kyauta 32, Imanaga ya kayar da 174 ya ba da 28. Luis Gil na Yankees, wanda ya zama gwarzon sabon shiga na ɓangaren American a wannan shekarar, ya ci wasa 15 ya kayar da 171, amma ya ba da kyauta 77, fiye da kowa a gasar. Idan kika dubi nasara za ki ce Gil da Imanaga ɗaya suke, idan kika dubi kyautar za ki ga wanda ƙwallon take zuwa inda ya aike ta. Bayan wannan sai ki dubi shekarunsa da zangon da ya yi bara, ki ga ko an ɗora masa ƙari mai yawa farat ɗaya.

Ɗan Birni:
Ni dai har yanzu, idan aka kawo mini yara biyu masu gudu ɗaya da iya saiti ɗaya, dogon zan ɗauka, saboda lissafin miƙewar da Malam ya yi da kansa. Kuma Skenes ya yi kaka biyu a jere ERA ɗinsa bai kai biyu ba, hannunsa lafiya lau. Abin da ya rage mini tambaya shi ne yadda ake cire shi. Ranar 11 ga Yuli, 2024, ya yi zango bakwai da Brewers babu wanda ya sami bugu a kansa, ya kayar da 11, aka cire shi a jifa na 99. Idan ba a yarda jiki irin nasa ya ƙarasa wasa irin wannan ba, to wa za a yarda da shi?

Baba Tsohon Ɗalibi:
Da ni ne mai horarwa da na bar shi ya shiga zango na takwas, in tsayar da mai karɓa a shirye, bugu na farko in cire shi. Irin wannan rana ba kullum take zuwa wa ɗan wasa ba.

Hajiya Mai Gashin Ƙashi:
Baba, da girmamawa, ni ba zan bar shi ba. Yaron bai taɓa yin cikakkiyar kaka ta ƙwararru ba kafin wannan shekarar, kuma idan naman gaban hannu ya gaji, nauyin da yake ɗauke wa jijiyar kanta yake komawa. Zango biyun da suka rage za su iya cin jifa talatin, duka a gajiye, duka da iyakar ƙarfi saboda yana ganin tarihi a gabansa. Strasburg ma a tsakiyar wasa ya riƙe hannunsa a Agustan 2010, bayan jifa ɗaya tak da bai bambanta da sauran ba a idon mai kallo, kuma sai a Satumban 2011 ya sake hawa tudun.